Daɓen Tanderun Baban Ladi

Duk wanda ya san Baban Ladi ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da bango. In ya shigo gidanka, kafin ya ce ina kwana, sai ka ga ya ɗora bayan hannunsa a jikin gini, ya yi shiru kamar mai sauraron magana daga wani ɗaki, sannan ya juyo ya shaida maka cewa ɗakin nan zai dafa ka da rana tsaka. Tukunya, randa, goshin jariri, murfin motar baƙo, har ƙofar coci, babu abin da ya tsira daga hannun nan. Ranar da aka kai shi gaban babana a ƙauye yana neman aurena, rumbu ya fara taɓawa. Babana ya ɗauka hatsinmu yake aunawa, saura kaɗan ya kore shi.

Ni ban yi makaranta ba. 'Yata Ladi ce ke rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Kun ji labari an fasa daɓen tanderun da ke bayan gidanmu a Trikania, ginin ƙarshe da mijina ya yi da hannunsa. Gaskiya ne, kuma ni na ba da izini. Ɗana Bulus da ke aiki a Legas ya aiko cewa ko shekara ubansa bai yi a ƙasa ba na bari an sa diga a aikinsa, tun daga ranar kuwa bai sake aiko mini da gaisuwa ba. Shi ya sa nake wannan magana, don shi da duk wanda ya san mutumin. Amma sai na fara da mutumin kansa, in ba haka ba ba za ku gane dalilina ba.

Sunansa Dauda, sana'arsa ginin tanderun burodi, wanda masu gidan burodi ke ce wa obin. Na itace nake nufi, mai kama da rumbun da aka kife. A hura wuta a ciki har bulo ya ƙoshi, a kwashe garwashin, a jera kwanonin burodi a rufe, ginin da kansa ya gasa. Wurin wani tsohon Bayarabe ya koya tun yana saurayi. A zamanin da masaƙun Kakuri ke cike da ma'aikata, in an tashi daga aiki kowa ka gani da burodi a hammata, kuma daga Makera har Unguwar Sanusi da wuya ka ci wanda bai bi ta cikin gininsa ba.

Shi ma bai iya rubuta sunansa ba, amma in aka zo maganar zafi ba ya ragawa kowa. Ya ce babu wani abu wai shi sanyi a duniya. In na ce a rufe ƙofa sanyi na shigowa, sai ya ajiye cokali ya gyara mini: sanyi ba ya shigowa, zafi ne ke fita. Ya ce zafi ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum inda babu shi yake nema, kuma ƙafa uku gare shi. Yana rarrafe a jikin abu, kamar yadda yake bin ludayin ƙarfe har ya ciji hannunka. Yana hawa iska ya yi sama. Yana kuma harara daga nesa, kamar yadda garwashi ke ƙona maka fuska ba ka taɓa shi ba. Wai duk aikinsa a duniya shi ne ya ɗaure wa zafi ƙafafun nan uku har burodi ya nuna. Sama da shekara arba'in ina cewa sanyi na shigowa, yana gyara mini. Ban daina ba, bai gaji ba.

Sunan da unguwa ta sa masa, Baba Kwalba, ga asalinsa. A ƙarƙashin daɓen kowane tanderu yana zuba gishiri da yashi da kwalabe. Wannan kowa ya sani, ko ni na sani. Kwalaben kuwa ba ya saye. Da safe zai tura baro da buhu ya bi gidajen giya na Kakuri yana karɓar waɗanda bakinsu ya ɓare, waɗanda kamfani ba ya karɓa. Matsalar ita ce shi dattijo ne a cocinmu, cocin da ko warin giya ba a yarda da shi ba. Aka yi ta ganinsa yana fitowa daga wuraren nan buhu na ƙara, har magana ta kai gaban dattawa, aka kira shi.

Fasto ya tambaye shi ko gaskiya ne ana ganinsa a gidan giya. Ya ce gaskiya ne. Aka ce sau nawa.

Ya ce, "Kullum, ban da Lahadi."

Aka ce an ce har da kwalabe yake fitowa. Ya ce buhu guda, in kuma an yi ciniki jiya, buhu biyu. Nan take aka sa shi a horo: babu jibin Ubangiji, wato burodin da ake raba wa masu bi a coci, kuma zamansa ya koma bencin baya, bakin ƙofa. Da ya dawo gida na tambaye shi me ya hana shi ya yi bayani. Ya ce ai duk abin da aka tambaye shi ya amsa, babu wanda ya tambaye shi ko akwai wani abu a cikin kwalaben.

A nan laifina na farko yake. Ni na san gaskiya, ni ke share tsakar gida ina kewaya buhunan. Tafiyar minti biyar ce zuwa gidan matar Fasto. Amma haushinsa nake ji da kunyar da ya ja mini a zumuntar matan coci, na ce tunda taurin kai ya zaɓa, ya zauna a baya ya ji daɗi. Wata huɗu yana can.

Wanda ya fitar da shi Alhaji Sale ne, mai gidan burodi a Makera, amininsa tun suna samari. Da labari ya kai masa, ya ɗauki burodi uku ya tafi gidan Fasto da kansa. Bayan gaisuwa ya ce:

"Fasto, ni ban san dokarku ba. Amma burodin da kuke aikowa a saya a wurina don jibinku, a kan kwalaben Dauda yake gasuwa. In laifi ne, kun daɗe kuna ci."

An ce Fasto ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Lahadin da ta biyo aka sanar an ɗauke horon, aka ce Baban Ladi ya dawo gaba wurin dattawa. Ya miƙe ya yi godiya, ya ce amma in ba damuwa a bar shi inda yake. Wai a wata huɗun nan ya lura duk zafin jama'a gaban bagade yake taruwa, ga kwano ya yi ƙasa a can, su na gaba dahuwa suke yi, iskar cocin gaba ɗaya tana wurin masu laifi. A bencin nan ya zauna har ya bar duniya. Baƙo in ya zo sai ya yi ta tambaya a hankali me tsohon nan ya yi haka da ba a yafe masa ba.

Lokacin da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, wani mutum ya ci zaɓe a yankinmu, ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan. Ya so ya buɗe gidan burodi, kuma ya so ranar da za a rantsar da shi a raba wa jama'a burodi daga tanderunsa. Baban Ladi ya gama ginin saura kwana uku. Ya ce masa sabon tanderu cike yake da ruwa, sai an yi kwana tara ana hura masa 'yar wuta kamar ta dafa shayi, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, kafin ya iya ɗaukar wutar gashi. In aka gaggauta, ciki zai kumbura waje bai sani ba, ruwan kuma ya zama tururi ya nemi hanya da ƙarfi. Mutumin ya ce zamanin ba da oda ya wuce, soja sun koma bariki, yanzu abin da jama'a ke so shi za a yi, jama'a kuwa burodi suke so ranar rantsarwa.

Baban Ladi ya ce, "Ranka ya daɗe, soja sun tafi, amma ruwan da ke cikin ginin nan bai ji sanarwar ba."

Ya ɗauki cokalin gininsa ya dawo gida. Ma'aikatan mutumin suka cusa itace har baki suka kunna. Ranar rantsarwa, ana kiɗa a waje, sai aka ji ƙara kamar an harba bindiga, har wasu suka fara gudu suna cewa soja sun dawo. Tanderun ne ya tsage daga sama har ƙasa. Aka aiko mota ta ɗauki Baban Ladi. Ya zagaya ginin sau biyu, ya leƙa tsagewar, mai gidan yana tsaye cikin babbar riga yana jiran ya ji ko akwai dabara. Baban Ladi ya ce babu, wannan ya riga ya kaɗa tasa ƙuri'ar. Ya rushe ya sake ginawa, kuma wannan karon kwana goma sha ɗaya ya sa aka yi. Na tambaye shi ina ƙarin kwana biyun ya fito. Ya ce tara na tanderu ne, biyu na mai shi.

Ni ma na sha nawa. A bikin Ladi, ga ta nan tana dariya tana rubutawa, ya sayo manyan ƙanƙara biyu tun da safe don a sanyaya abin sha da yamma. Ba mu da firji. Ina shiga ɗaki na tarar ya ɗauki sabon bargona, wanda ko sau ɗaya ban rufa da shi ba, ya naɗe ƙanƙarar a ciki, ya tura cikin buhun garin katako. Na ce yau kam kan mutumin nan ya taɓu. Abin da muke rufa da shi mu ji ɗumi shi za ka rufa wa ƙanƙara? Ya ce bargo ba shi da wuta a cikinsa, mai gadi ne kawai, yana hana zafi wucewa, ko fita ko shiga. Ban kula shi ba. Yana fita na zare guda ɗaya don kada mu yi asarar duka, na sa ta a baho a ƙarƙashin mangwaro inda iska ke kaɗawa, har na roƙi ƙanwata ta riƙa yi mata fifita.

Da aka dawo daga coci, tasa tana nan, sai ɗan gefe da ya zagwanye. Tawa kuwa ruwa ne cikin baho da ganyen mangwaro biyu a kai. Ya tsaya ya dube shi, ya dube ni, ga dangin ango a tsaye. Na shirya jin abin da zai faɗa. Sai ya juya wurinsu ya ce su wanke hannu, Maman Ladi tun safe take haɗa musu wannan ruwan. Bai sake tayar da maganar ba, amma shekaru bayan haka in ya ga baho da ruwa a tsakar gida sai ya tambaye ni ko wannan ma ƙanƙara ce.

Yanzu na zo inda dariyar ke ƙare mini.

Babu ɗaya cikin 'ya'yanmu da ya bi sana'arsa, kuma shi ya so haka, shi ya tura su makaranta. Masu taya shi aiki kuwa in sun iya jera bulo sai su koma ginin gidaje, inda aiki ya fi yawa. Don haka ni ya mayar ɗaliba. Bayan cin abinci, ina tsintar wake ko ina ɓare gyaɗa, zai zauna ya fara: me ake fara zubawa, me ke binsa, kaurin kowanne, da dalili. Ni kuwa uhm kawai nake cewa, hankalina yana kan miyar gobe. In ya tsaya ya tambaye ni me ya ce, sai in ce ka ce zafi. Ya ce to, na ji rabi. Sau nawa ya yi mini wannan karatu, Allah kaɗai ya sani. Na ɗauka surutun tsufa ne, irin wanda kowace mace ke haƙuri da shi.

Bara da rani, ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya fara gina ƙaramin tanderu a bayan gidanmu. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce nawa, don in sami abin gasa 'yan burodi da kek in sayar in ba ya nan. Maganar ta ɓata mini rai ƙwarai. Na ce in mutuwa yake kira wa kansa kada ya sa ni a ciki. Ya haƙa ramin, ya gama shirya duk abin da ke shiga ƙasa, sai ya bar shi a buɗe bai ɗora bulo ba. Ya zo ƙofar kicin ya ce in zo in gani kafin ya rufe, ba zai ɗauke ni lokaci ba, kallo kawai.

Ranar farko na ce muna da koyon waƙa a zumunta, gobe. Rana ta biyu na tafi kasuwa na daɗe da gangan. Ya rufe ramin da tsohon kwano don kada kaji su shiga, ya jira. Rana ta uku ya sake zuwa, ya tsaya da yumɓu a hannu.

Ya ce, "Maman Ladi, yau zan rufe."

Na ce, "To ka rufe mana. Ni magini ce? Ka ga ranar da ake yi kuwa?"

Ya ce gaskiya ne, ana rana. Ya koma. Taku ashirin ne daga kicin zuwa wurin. Na auna daga baya.

Ya gama ginin, ya busar da shi kwana tara, ya gasa mini burodi sau biyu a ciki. Bana da damina, 'yan makonni bayan soja sun sake miƙa mulki, ana ta murna a gari, ya kwanta ciwon kwana shida, Ubangiji ya kira shi.

Bayan an watse daga zaman makoki, tanderun nan ya zama abokin zamana. Ban sayar da komai ba. Ranar Asabar nakan hura masa wuta in gasa ɗan abin da jikoki za su ci, sannan in rufe bakinsa. Har safiyar Litinin in ka jingina da shi za ka ji ɗumi. Ina da ciwon baya, sai in kai kujera in zauna in jingina. Ba zan ɓoye muku ba, ba don bayan kaɗai nake zama ba.

Ana nan sai Alhaji Sale ya yi sallama wata rana da hantsi. Ya tsufa shi ma, da sanda yake tafiya. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa, muka gaisa, muka sake gaisawa, ya yi ta juya hularsa a gwiwa. Da ƙyar ya faɗi abin da ya kawo shi. Ruwan damina ya shiga ƙarƙashin babban tanderunsa, wanda Baban Ladi ya gina masa tun da daɗewa, daɓen ya lotsa. Alhaji yana asibiti a lokacin, leburori suka kwashe duk abin da ke ƙasa da shebur suka zubar, babu wanda ya tsaya ya duba yadda aka jera. Ya kawo magini, Malam Tanko, mutumin kirki mai hannu, ya daka kwalabe ya haɗa da gishiri da yashi ya zuba ya daɓe. Burodi ya riƙa fitowa sama a ƙone, ƙasa ɗanye. Aka fasa aka sake, haka dai. Itace yana tafiya ninki biyu, masu shaguna sun fara dawo da kaya, ya riga ya ce wa rabin ma'aikatansa su zauna a gida tukuna, mutane masu iyali.

Ya ce Dauda ya sha gaya masa cewa ko ya mutu babu damuwa, ya zuba wa Maman Ladi komai a kai.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne gishiri da yashi da kwalba, abin da kowane mai tura baro a Kakuri ya sani. Alhaji ya tambaya wanne ke sama, wanne ke ƙasa. Na hau gyara bakin tabarma. Ya gane, ya sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Ashe mutumin nan yana yawo a gari yana gaya wa abokansa ya bar sana'arsa a wurina, ni kuwa wake nake tsinta.

Alhaji bai roƙe ni a fasa ba, kada Bulus ya ɗora masa. Ya dai ce sauran tanderun Dauda duk suna aiki a gidajen mutane, babu wanda zai kashe wutarsa ya fasa daɓensa don wani. Ya dubi wajen tanderuna sau ɗaya, ya ɗauke ido, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya tafi. Na kwana uku ina juya abin. Ran na huɗu na aiki Ladi Makera ta ce masa ya turo Malam Tanko, amma da sharaɗi: ba shebur, da hannu za a ɗaga, kuma ina zaune.

Haka aka yi. Na sa kujera a bakin tanderun, Ladi da littafinta a gefena, Alhaji a kan tabarma. Malam Tanko ya shiga da rarrafe, digar ma sau biyu kawai ya sa ta don ya ɗaga bulon farko. Jan bulo ne a sama, a matse, babu siminti ko kaɗan a tsakani. Ƙarƙashinsa yashi mai laushi, kaurin yatsa biyu. Sai gishiri shi kaɗai, ba a haɗa shi da komai ba, kaurin tafin hannu, ya daskare kamar dutse. Sai dakakkiyar kwalba. Malam Tanko ya ce to, ai shi ke nan, jeri ne kawai ya kuskure. Ya ci gaba da kwashewa don ya kai ga ƙasa, sai ya tsaya. Ya ce Mama, zo ki gani.

Na durƙusa na leƙa. Kwalabe ne lafiyayyu, ba a fasa ko ɗaya ba, a kwance a jere kamar an kwantar da yara, bakin wannan a gindin waccan, tsakanin kowane biyu faɗin yatsa an cike da toka. Layi biyu, ɗaya a kan ɗaya. Malam Tanko ya ɗaga guda ya girgiza, babu komai a ciki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ashe ba kwalbar tsohon ke nema ba, iskar da ke cikinta yake binnewa, ita ke hana zafi tsiyayewa cikin ƙasa. Shi kuwa da ya dake su duka ya kori iskar, ƙasa ta riƙa shanye wutar Alhaji ta ƙarƙashi.

Ina durƙushe a wurin sai na ji bakina ya ce, na sama ya riƙe, na ƙasa ya tare. Duk suka juyo. Ban san ina da maganar ba. Muryarsa ce, da yadda yake jan ƙarshenta, ta kwanta a wani wuri a kaina tun ranakun wake. Na yi ta jira ko wata za ta biyo baya. Babu. Ita kaɗai ta maƙale cikin duk abin da ya zuba. Alhaji ya ce a rubuta, Ladi ta rubuta, ni kuwa na koma kujera na ja gyale na rufe fuska.

Sati biyu bayan haka Alhaji ya aiko da burodi daga tanderunsa. Na juya shi na duba gindin, ja ne daidai da saman. An ce ma'aikatansa duk sun koma aiki. Malam Tanko ya dawo ya mayar da nawa daɓen, kwalba bayan kwalba, yana duba littafin Ladi, ya ƙi karɓar ko ruwan sha a bakin aikinsa. Na tsaya a kansa tun daga fari har ƙarshe, a cikin rana.

Bulus, ga abin da ya rage in gaya maka, kuma ba zan rage maka komai ba. Tanderun yana gashi lafiya. Amma yanzu in na hura Asabar, kafin yammacin Lahadi ya huce, ba ya kai Litinin. Mun bi duk abin da muka gani a ramin, saboda haka akwai wani abu da hannun ubanka ya sani wanda ba a gani da ido, ko kuwa ya faɗa mini ina cewa uhm. Wannan kwana ɗayan ni na ɓatar da shi, ba Alhaji ba, ba Malam Tanko ba, kuma ba ranar da aka sa diga na ɓatar ba. In fushi za ka yi, ka yi shi a kan wannan, ina tare da kai a ciki. Amma ka zo gida ka yi, kada ka yi shi daga Legas.

Ya Ubangiji, ga bawanka Dauda, ya yi aikinsa da gaskiya har inda ido ba ya kaiwa. Ka ba shi hutu a wurinka. In ya fara bayaninsa, ka sa a sami mai saurara. Ni kuma ka gafarta mini, ka ba ni haƙurin kwanakin da suka rage. Amin.